Akwatin Malam Inuwa

Ajiye kular ɗanwake da na yi a kan teburin Firinsifal ke da wuya, sai abin ya sake kuka daga cikin kabad. Ƙit, ƙit, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Firinsifal Ukasha ya ja tsaki, bai ko ɗago kai ba. Malam Inuwa yana tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu, alli ya ɓata masa gaban riga.

"Ranka ya daɗe, ka ji shi ko? Yau mako uku yana gaya mana batirinsa ya kusa ƙarewa. Na rubuta wasiƙar, hannu kawai za ka sa."

"Malam Inuwa, ba ka da aji ne yanzu?"

"Ina da shi."

"To, yara suna jiranka."

Malam Inuwa ya ajiye takardar a gefen tebur ya fita. Ina tsaye Firinsifal ya jawo ta, ya ɗora kular a kai don kada mai ya taɓa masa tebur. Na ga man gyaɗa ya fara zagaye rubutun. Mai sayar da ɗanwake irina ba ta da baki a ofis, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Sunana Azumi. Shekara goma sha ɗaya ina dafa ɗanwake a gindin dalbejiyar da ke cikin sakandaren unguwarmu, a bayan garin Ikara, kan hanyar Kurmin Kogi. Malam Inuwa kuwa katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Shi ke koyar da lissafi. Mutum ne gajere mai tumbi kaɗan, mai son gardama kan abin da kowa ya riga ya haƙura da shi. Kullum da safe shi ke ɗaure mini tukunya a bayan kekensa, ni kuma in biyo shi da garin rogo da kuka a ka. Tun da likita ya ce yana da hawan jini ya sa ni gaba kan in rage gishiri da kanwa. Nakan ce masa in yana son abincin asibiti ya tafi asibiti.

Abin da ke kuka a kabad ɗin wani akwati ne ruwan ɗorawa, bai fi girman ƙaramar rediyo ba. Na'urar farfaɗo da zuciya sunansa, amma kowa a makarantar akwatin Malam Inuwa yake cewa. Shekara biyu da suka wuce wani ɗalibi ɗan ƙauyen Furana ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, kafin a samo mota ya cika. Tsofaffin ɗaliban makarantar da ke aiki a Kaduna suka ji abin ya taɓa su, suka sayo akwatin. Ranar da aka kawo shi an kafa rumfa, an yi jawabai har rana ta karkata, an ɗauki hoto ya fi a ƙirga. Wata likita ta zo da mutum-mutumin roba ta koya wa malamai biyu yadda ake danna ƙirji da yadda ake manna wa mutum wayoyin na'urar. Malam Inuwa ne ɗaya, ɗayar Malama Rashida mai koyar da kiwon lafiya.

Ina daga gindin dalbejiya na ji abin da likitar ta ce, don sau uku ta maimaita. A rataye shi a inda hannun kowa zai kai. A riƙa duba 'yar fitilarsa duk mako. In ya fara kuka a rubuto musu, su za su aiko da sabon batir, domin batirin irinsa ba a yi masa caji. Ni da ban yi boko ba na riƙe wannan. Firinsifal kuwa a lokacin yana can yana gyara zaman hularsa saboda mai hoto.

Baƙi na tafiya ya sa aka mayar da akwatin cikin ledar da ya zo da ita, aka saka shi a kabad mai gilashi tsakanin kofunan gasa, ya kulle ya jefa makullin a aljihu. Ya ce yara ɓarna gare su, kuma abu mai daraja ba a barinsa a baranda ƙura ta ci. Mu mata mun san wannan hali. Haka muke yi da kwanukan jere: a goge, a jera, baƙuwa ta shigo ta yaba, amma har mace ta tsufa ba ta taɓa zuba tuwo a ciki ba. To, kwano ko ya shekara ɗari a jere ba wanda zai mutu. Duk babban baƙon da ya zo makarantar sai an kai shi gaban kabad ɗin, Firinsifal yana nuni da ɗan yatsa yana cewa duk yankin nan, har Kudan da Makarfi, ba makarantar da ke da irinsa.

Malam Inuwa bai haƙura ba. Kowace Litinin bayan taron safe sai ya je roƙon makulli, kamar mai neman aron jaki. Wata rana a ba shi, wata rana a ce ya leƙa ta gilashi. Yana da ɗan littafi da yake rubuta kwanan wata da kalar fitilar. Malamai suka mayar da shi abin tsokana a ɗakin hutunsu, in ya shigo sai a ce likitan zuciya ya iso. Shi dai yakan ce shi ne ya ɗauki yaron Furana a kafaɗa har bakin titi, kuma bai shirya sake ɗaukar wani ba.

Da abin ya fara kuka, sai magana ta koma kan wasiƙa. Ba wani abu ake nema wurin Firinsifal ba illa sa hannu da hatimi. Daga baya Malama Rashida ta gaya mini dalilin ƙin nasa. Wai in ya rubuta, tsofaffin ɗalibai za su ce abu ya lalace a hannunsa, alhali ko sau ɗaya ba a yi amfani da shi ba. Mutum da furfura a gemu, yana tsoron kada a ce bai iya ajiya ba.

Ranar Alhamis ta makon da aka yi wancan zancen, na koma ɗaukar kula bayan an tashi. Na tarar da kabad a buɗe, Firinsifal yana juya wani abu baƙi a hannu, tsawonsa kamar sandar sabulun wanki. Da ya gan ni sai ya tura shi aljihun babbar riga ya tambaye ni ko yaji ya yi tsada ne na rage masa. Na ɗauka irin abin nan ne da masu manyan wayoyi ke ajiye wuta a ciki. Na ɗauki kulata na tafi. Ban ma lura ofishin ya yi tsit ba.

Litinin Malam Inuwa ya je duba fitila. Aka ce masa an bar makulli a gida, kuma ai ya ji da kunnensa kukan ya daina, an magance matsalar. Ya leƙa ta gilashi, sai ya ga an juya fuskar akwatin tana kallon bango.

Da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida ya yi sallama ya tsaya a bakin zaure. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya Azumi, ke da kike shiga ofishin nan kullum, ba ki ga an kawo wani saƙo daga Kaduna ba?"

Na ce ban gani ba, kuma gaskiya na faɗa.

"Da yana kuka hankalina ya fi kwanciya," in ji shi. "Shirun nan ne ba na so."

Na yi masa dariya. Na ce shi dai ba a iya masa, a yi kuka ya damu, a yi shiru ya damu, Sabuwa tana haƙuri da shi. Sabuwa matarsa ce. Ta jiyo mu ta kan katanga ta ce ai gara in gaya masa, don kwana biyu ko abinci ba ya ci sosai, ga shi yana cewa ƙirjinsa na yi masa nauyi in ya hau keke. Ya ce iska ce kawai, rake ya sha da yawa. Baƙin abin nan da na gani a hannun Firinsifal bai ko faɗo mini a rai ba. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Ranar Laraba aka yi ruwa da asuba, rana ta fito da zafi mai ɗanɗanon gumi. Firinsifal bai zo ba, an ce ya tafi ɗaurin aure Makarfi. Da aka kaɗa ƙararrawar tara yara suka yanyame ni kamar kullum, kowa na miƙo kwano. Malam Inuwa ya zo a ƙarshe, ya zauna a kan bencina, abin da ba ya yi. Fuskarsa ta yi wani irin toka-toka. Ya ce in zuba masa kaɗan, kada in sa yaji. Ya ce ji yake kamar an aza masa buhun masara a ƙirji.

Na juya in tsamo ɗanwaken ke nan na ji bencin ya kife.

Yana kwance rigingine a cikin taɓo, bakinsa a buɗe, yana wani irin jan numfashi da ban taɓa ji ba. Yara suka watse suna salati. Ni na ɗebo ruwa zan yayyafa masa, don abin da na sani ke nan. Malama Rashida ta iso a guje, ta ture ni, ta durƙusa ta kira sunansa, ta sa kunne a hancinsa. Sai ta yage maɓallan rigarsa ta haɗa hannu biyu ta fara danna ƙirjinsa tana ƙirge.

"A ɗauko akwatin. A kira mota."

Aka ruga ofis, ofis a kulle. Makullin ƙofa da na kabad duk suna Makarfi suna cin shinkafar biki. Malamai maza sun fi shida a wurin, sai suka tsaya shawarar ko ya halatta a fasa ofishin shugaba ba da izininsa ba. Wani dattijo a cikinsu ma ya matso kusa da Malama Rashida yana cewa a hankali, bai dace mace ta hau ƙirjin namiji a gaban yara ba, a bar bawan Allah ya cika cikin mutunci. Ba ta ko kalle shi ba. Mayafinta ya zame cikin taɓo, ta ci gaba da ƙirge.

Usmanu maigadi ne bai tsaya jin fatawar kowa ba. Ya fizgi gatarin da nake faskare da shi, sara uku ƙofar ta buɗe, ya sa ƙota ya tarwatsa gilashin kabad. Ya fito da akwatin a rungume, jini na zuba daga hannunsa. Leda har biyu aka naɗe shi da ita, an kuma ɗaure da zare. Da haƙori na tsinke zaren.

Malama Rashida ta ce wa Usmanu ya sa hannunsa inda nata yake ya ci gaba da dannawa. Ta buɗe murfin ta danna maɓallin. Na tuna ranar da aka kawo shi abin har magana ya yi da muryar mace. Yau bai ce komai ba. Ta sake dannawa, ta jijjiga shi, sannan ta kifa shi. A bayansa akwai rami dogo, fanko, daidai tsawon sandar sabulun wanki.

Nan na gane abin da na gani a hannun Firinsifal. Na zauna a cikin taɓon.

Wani malami ya samu Firinsifal a waya, ya buɗe muryar kowa na ji. Ana jin hayaniyar maroƙa a bayansa. Da farko faɗa ya fara kan wa ya ba da izinin fasa masa ofis. Da aka ce batir ake tambaya, sai ya ce:

"Yana tasha, wurin Auwal mai caji. Na ce ya cika shi. Ku tura yaro ya karɓo mana."

Malama Rashida ta ce kada wanda ya je, ko an kawo ba abin da zai yi. Ta koma kan ƙirjin Malam Inuwa. Ita da Usmanu suka riƙa karɓa-karɓa har motar wani mai tumatir ta shigo, aka sa shi a baya tsakanin kwanduna, tana durƙushe a kansa tana dannawa motar ta fita. Akwatin aka bari a buɗe a gindin dalbejiya, kusa da kwanon ɗanwaken da bai ci ba.

Kafin azahar labarin rasuwarsa ya iso unguwa. Bayan la'asar aka kai shi.

Ni Musulma ce, na san kowa da ranarsa. Likitan da ya duba shi ma ya gaya wa Malama Rashida cewa ba wanda zai iya rantsuwa na'urar za ta dawo da shi, wataƙila ta yi, wataƙila ba ta yi ba. To, wannan wataƙilar ita aka hana shi. Shekara biyu yana gadinta saboda 'ya'yan mutane, ranar da shi ya buƙace ta tana tasha cikin wayoyin 'yan acaɓa.

Washegari Firinsifal ya zo gaisuwa da tawagar malamai, babbar rigarsa ta sha guga. Muna daga cikin gida muna jiyo shi a ƙofar zaure, don muryarsa ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ya ce makaranta ta yi rashin ginshiƙi. Ya ce an yi duk abin da ɗan Adam zai iya, har na'urar zamani aka fito da ita, amma in kwana ya ƙare ko asibitin Turai ne sai haƙuri. Maza suka amsa da haka ne, haka ne. Cikin masu amsawar har da waɗanda suka ga ramin da idonsu. Na tashi na zagaya bayan gida na tofar da yawu.

Ranar sadakar uku, da mata suka ragu, Sabuwa ta jawo ni kusa da ita a kan tabarma. Ta rame a kwana ukun nan, idanunta sun bushe. 'Yarsu Khairat ta yi barci a cinyarta.

"Yaya Azumi, ke kina wurin. An ce an sa masa akwatin nasa."

Na ce an ɗauko shi.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Da ban so a ce wahalar da ya sha a kansa ta tashi a banza ba. Ko ba komai an gwada."

Na dubi yarinyar da ke barci. Na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin. Haka ni ma na shiga sahun masu haka ne, haka ne, kuma ban taɓa ƙyamar kaina irin ranar ba.

Mako guda ban hura wuta a makaranta ba. Ranar da zan koma, da sassafe na bi ta tasha. Rumfar Auwal tana bayan masu shayi, janareto na ta ƙugi, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takarda manne a bayanta. Ban sha wahalar nema ba. Yana can ƙarshen katakon, an ɓare masa gefe da wuƙa, an cusa wayoyi biyu ja da baƙi a ciki. A takardar da ke jikinsa an rubuta lamba ashirin da bakwai.

Auwal magidanci ne mai kunya, kuma ya riga ya ji labari. Ya rantse mini bai san na mene ne ba, an dai ce masa batir ne ya cika shi. Ya gwada kowace caja da yake da ita, har ta babur, abin ko ɗumi bai yi ba. Ya ce mai shi bai dawo ba, ya kira shi sau biyu bai ɗaga ba, shi kuma ba ya son ganinsa a rumfar. Na ce ya kawo, hanyata ce. Ya zare wayoyin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya fi yadda na zata nauyi.

Na dafa ɗanwake kamar kullum. Na zuba na Firinsifal a kula, na sa mai da yaji yadda yake so. An gyara ƙofar ofis, an sa wa kabad sabon gilashi. Na yi sallama, na ajiye kular a gabansa, na kwance bakin zanina na ɗora batirin a kan murfin.

Ya dube shi, ya dube ni.

"Azumi, wannan fa?"

"Saƙo ne daga tasha, ranka ya daɗe. Auwal ya ce a gaya maka bai ɗauki caji ba."

Ban jira amsarsa ba, na fita.

Bayan an tashi, yara sun watse, na je ɗaukar kula. Motarsa ba ta nan, ofishin a buɗe, Usmanu yana shara da hannunsa mai bandeji. Kular tana inda na ajiye ta, ba a buɗe ba. Man ya tsattsafo ta gefen murfi ya daskare, ƙudaje biyu suna yawo a kan takardar mai lamba ashirin da bakwai. Usmanu ya share ko'ina, ya zagaye teburin bai taɓa shi ba. Na bar kular a nan, na ɗora tukunyata a ka na kama hanyar gida.